Wata Shida Muna Jiran Yanar Ido Ta Nuna

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye haka ba. Matata Rakiya takan ce ko mai sayar da ruwa ya yi mini murmushi sai na leƙa cikin tulunsa. A lakkol ɗin da nake koyarwa a nan Tawa, in an kawo takardar sa hannu ni ne na ƙarshe, sai na karanta ta gaba da baya. Da wannan hali na yi jinyar idon mahaifiyata, kuma da shi na jawo mata abin da zan ba ku labari. Na rubuta ne don masu tsoho ko tsohuwa mai ciwon sukari a gida, musamman irina, waɗanda ake shiga da su gaban likita don su yi tafinta.

Inna tana zaune a Barmu, ita kaɗai a ɗakinta tun rasuwar mahaifinmu. Ɗinkin faifai take yi, na kaba mai rini, ja da baƙi da kore, kuma ba ta taɓa roƙon ɗayanmu kuɗin goro ba. Na sha cewa ta dawo wurina a Tawa, ta ce ita ba kaya ba ce da za a ajiye ta a kusurwa. Abu ɗaya take tsoro a duniya, kuma tana faɗarsa a fili: kada ta kai ranar da za a riƙe mata sanda ana jan ta zuwa makewayi.

Shekaru da dama ke nan da majo, babban mai jinya na asibitin garinsu, ya gano tana da sukari. Ya ba ta ƙwayoyi, ita kuwa ta ɗauke su kamar maganin ciwon kai. In ta ji kasala ta sha kwana uku, in ta ji daidai ta tura su ƙarƙashin katifa. Fura da sukari ba ta fasa ba, shayi ba ta fasa ba. In na yi magana ta ce ai tana shan tafasasshen garahuni, ɗaci ke kashe zaƙi. Ni ma, don Allah, ban matsa ba, tunda tana tafiya da ƙafarta tana cin tuwonta.

A ƙarshen bazara na je gaishe ta na tarar da faifai uku a gefe, zanensu ya karkace, ja ya shiga wurin baƙi. Wannan ba aikin Inna ba ne. Da na tambaya sai ta ce masu rinin yanzu ne ba su da amana. Sai da na zauna har la'asar ta furta cewa layin kaba in ta dube shi yana lanƙwasa, kuma wasu baƙaƙen zarurruka suna yawo a gabanta, ta kai hannu ta kore su ba sa koruwa. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ba hawaye. Na buɗe idon na duba da fitilar waya, garau yake, ko ja babu.

Yayarta, Iya Kulu, tana zaune a wurin, ita ta yanke hukunci. Ta ce yanar ido ce ta fara, kuma kowa a Adar ya san dokarta: ba a taɓa yana sai ta nuna. Ita ma haka ta yi shekara biyu tana lalube har ƙwayar idonta ta yi fari kamar nono, sannan likitocin nan masu zuwa aikin ido kyauta lokacin sanyi suka cire mata, ga ta yau tana zura zare a allura. Shaida ce zaune a gabanmu da idonta biyu. Wa zai yi musu da ita?

Duk da haka, da ruwa ya fara sauka, wata safiya Inna ta tashi ta ce idon dama ya cika da hayaƙi ja. Aka ɗoro ta a motar kasuwa zuwa Tawa. Kashegari tun da sassafe muka je ɗakin duba ido, muka aza karne ɗinta, ɗan littafin nan na asibiti, a kan tulin na mutane, muka zauna a benci har rana ta take. Duk wanda aka kira kafin mu sai na bi shi da kallo, ina lissafin ɗan uwan wa ne a cikin ma'aikatan. Aka ɗiga mata wani magani, aka ce mu jira ƙwayar idon ta buɗe, muka sake zama.

Likitar da ta duba ta yarinya ce, Bazabarma, ba ta daɗe da zuwa Tawa ba. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "duba sama, duba ƙasa" ba. Ta daɗe tana haska idon Inna, na dama, na hagu, ta koma na dama. Sannan ta juyo gare ni ta kama Faransanci. Ta ce wannan ba yana ba ce, ciwon a can bayan ido yake, sukari ne ya lalata ƙananan jijiyoyin jini har ɗaya ta fashe. Ta ce idon hagu ma ya kamu. Ta ce na'urar da ake aikin da ita ba ta da ita a nan, mu tafi Yamai cikin wannan wata, kada mu bari ya wuce. Kalmar "irjan", wato na gaggawa, sau uku ta faɗe ta, ina ƙirgawa. Ta jawo takarda ta rubuta sunan wurin da za mu je da lambar wayar wani likita, ba ta ko duba littafi ba.

Wannan lambar da ta rubuta da ka ita ta ɓata komai a wurina. Na ce a raina, banza ba ta kai zomo kasuwa. Yaya za a yi ta haddace lambar mutum in ba tana da kaso a kan kowane maras lafiya da ta tura masa ba? Kuma Yamai ba baƙuwar gidanmu ba ce. Can aka tura mahaifinmu da ciwon ciki, muka sayar da abin da muka sayar, bai dawo ba, ko kabarinsa Inna ba ta sani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga lokacin, in na ji an ce "ku tafi Yamai", abin da kunnena ke ji shi ne a tatse ku sannan a ba ku gawa.

Inna ta taɓa gwiwata ta ce, "Mushe, mi tac ce?" Haka take kirana, da sunan aikina, yadda ake kiran malamin lakkol a nan, rabi tsokana rabi alfahari.

Na ce, "Ta ce a dakata tukuna."

Likitar ta dube ni ta tambaya ko na bayyana mata komai. Na ce na bayyana. Na ninke takardar na sa a aljihu, na sayi maganin sukarin da ta rubuta, muka fito.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne, bayan mako uku hayaƙin nan ya fara washewa da kansa. Inna ta ce tana ganin ƙofa, tana ganin awaki. Kai, ranar har da ƙafafa na miƙe a tsakar gida ina ba Rakiya labarin yadda na tsallake tarko. Rakiya ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba, me zai hana in kira lambar ko tambaya in yi. Na ce mata ita da ko tallan magani a cikin kar, motar safa, ta ji sai ta saya, ba ita za ta koya mini sanin mutane ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

Inna ta koma Barmu, damina ta yi nisa, shawarwari suka yi ta zuwa. Wata ta kawo kwallin Makka. Wani ya ce nonon raƙumi da safe. Wani ɗan uwanmu daga Afala ya zo da labarin mai kwantar da yana da tsinke, wanda ke bin kasuwanni, ya ce a kai ta. Wannan kam na hana, na ce ɗan damfara ne, kuma a nan zargina ya yi rana. Wata maƙwabciya ta ce ido garau amma ba ya gani, ai wannan da hannu a ciki, a bincika wa ke baƙin cikin cinikin faifanta. Har wannan na ɗan saurara, Allah Ya yafe mini, na kwana biyu ina auna matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa na zarga a wata shidan nan. Mutum ɗaya ne ban zarga ba, ni kaina.

Duk ranar kasuwa Iya Kulu takan buɗe idon Inna da yatsa ta duba ko ya fara fari. Bai fara ba. Sai ta ce wannan yanar mai taurin kai ce. Kafin a gama girbi hayaƙin ya dawo a idon dama, kuma wannan karon bai washe ba. Inna ta daina ɗinki. Ta ce wai kaba ce ta yi tsada.

Da sanyi ya shigo aka yi shela a rediyo cewa masu aikin ido kyauta sun iso. Muka je, mutane kamar ranar idi, daga Kalfu, daga Afala, har Buzaye daga arewa, kowa riƙe da tsohonsa. Muka yini a layi. Da aka zo kanmu, mai tantancewa ya haska idon Inna ya ce wannan ba nasu ba ne, su yana kawai suke cirewa. Nan fa na tashi. Na ce dama na sani, sai mai hanya ake yi wa, an raba wa dangi tikiti tun jiya. Na ɗaga murya har mutane suka zagaye mu.

Wani dattijon ma'aikaci, mutumin Kalfu ne daga jin maganarsa, ya ja mu gefe. Bai yi fushi ba. Ya karɓi karne ɗin Inna ya buɗe, ya ga rubutun likitar nan na farkon damina, ya karanta, ya ɗago ya dube ni. Da Hausa ya yi magana, a gaban Inna.

"Malam, tun watan shida anka rubuta a nan ku tahi Yamai da gaggawa. Wa ya ce ku dakata?"

 Inna ta gyara lulluɓinta kawai. Dattijon ya ce yana ita ce ake jira ta nuna, wannan kuwa kowace rana ci take. Ya ce in da uwarsa ce, gobe da asuba suna cikin kar.

Muka sayar da tumakin Inna biyu, ƙanena Illa da ke Abijan ya aiko da abin da ya samu, na nemi izini wurin direkta. Tafiyar yini guda ce, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Inna ba ta ci komai ba sai ruwa. Takardar nan tana aljihuna, ta yi laushi wurin ninki. Lambar da na tsana ita na kira daga tasha, aka ce mu zo da safe.

Likitan Yamai Badamagare ne, ba ya bukatar tafinta, kuma na lura Inna yake kallo in yana magana, ba ni ba. Aka ɗauki hoton cikin idon, ya juyo da allon na'urar ya nuna mini, ita kuma ya bayyana mata da baki. Ya ce a bayan ido akwai wata shimfiɗa siririya, su suna ce mata retin, ita ke kama haske. Jijiyoyin da ke ciyar da ita sun fi gashi siranta, kuma a jikin kowace akwai ƙananan ƙwayoyi masu rai da ke rungume da bangonta don kada ya saki. Sukari in ya daɗe da yawa a jini, waɗannan ƙwayoyin yake fara kashewa, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, ba tare da mutum ya ji ko ɗis ba. In sun mutu bangon ya yi rauni, ya kumbura, ya riƙa yoyon ruwa a tsakiyar shimfiɗar. Shi ya sa layi ke lanƙwasa.

Ya ce wasu jijiyoyin kuma toshewa suke yi, sai wurin da suke ciyarwa ya shiga yunwa. Wurin da ke yunwa yakan saki wani sinadari, kamar kiran a kawo ɗauki, sai ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi. To amma na gaggawa ne, ba su da ƙwari, da kansu suke fashewa. Jan hayaƙin da ta gani ke nan. Jinin yakan janye, mutum ya ce ya warke, alhali tsiron yana nan yana ƙaruwa. Daga baya sai ya bar tabo, tabon ya ƙanƙance kamar ɗanyar fata a rana, ya fizgo shimfiɗar daga mazauninta. Ya ce abin da ya faru da idon dama ke nan, kuma ya daɗe da faruwa har ba ya jin aiki zai dawo da shi.

Na tambaye shi da Faransanci, don kada ta ji, in da mun zo farkon damina fa? Ya amsa mini da Hausa. Ya ce Allah ne Masani, amma a lokacin akwai abin yi, kuma da yawa. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Idon hagu, ya ce, ana iya tare shi. Za a yi allura a cikin idon don ta kashe wannan kiran, amma ƙarfinta ba ya wuce kamar wata guda, sai an maimaita. Sannan a yi amfani da haske mai zafi, lazar, a ƙone gefe-gefen shimfiɗar, wuraren da ke yunwa, don bakunan da ke neman abinci su ragu, tsakiyar ta rayu. Ni ina jin "allura a ido" da "a ƙone" sai tsohon halina ya motsa, na fara tambayar ko dole ne, ko babu na ɗigawa. Inna ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Ragin hatsi na. In ba ka cire wasu ba, ramin duka ba ya yin kai. Likita, yi aikinka."

Ranar allurar farko ni ne na kasa tsayawa, na fita waje na jingina da bango. Ita ta fito da auduga a ido tana cewa ko cizon sauro ya fi shi zafi. Lazar ce ta ba ta wuya, zama biyu aka yi, ta ce kamar ana tsira mata walƙiya har cikin kai. Sau uku muka yi wannan hanya a wata uku. Ba zan ɓoye ba, abin da tsada, kuma har yau ina jin haushin a ce mutumin Adar sai ya ƙetare rabin ƙasa kafin ya sami na'ura guda. Masauki wahala, layi wahala, allurar kanta wani zuwan sai mun zaga farmasi uku. Amma ban ga wanda ya cuce mu ba. Na nemi alamar kason nan da na ƙirƙira, ban same ta ba. Ashe likitan Yamai malamin likitar Tawa ne, shi ya koyar da ita, shi ya sa ta san lambarsa da ka.

Bayan lazar Inna ta ce gefe-gefe ya dushe mata, kuma da magariba ta yi sai ta riƙa tuntuɓe. Zuciyata ta ce sun ƙone mata ido. Wannan karon na kira na tambaya, likitan ya tuna mini ya faɗa tun farko, wannan shi ne abin da aka bayar don a tsira da tsakiya. Ya ce aikin da ya rage ba nasa ba ne, namu ne: maganin sukari kullum, auna jini, lura da tansiyo, wato hawan jini, da dawowa a duba ko ba ta jin komai. Rakiya ce ta karɓi wannan, tunda a wurinmu Inna ta zauna lokacin, ita ke dama mata fura ba sukari, suna faɗa suna shiryawa. Na koma wurin likitar nan Bazabarma na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma tun daga lokacin, in ji ta, ba ta ƙara yarda ɗan maras lafiya ya yi mata tafinta shi kaɗai ba, sai ta kira ma'aikaciya ta tsaya.

Ga abin da zan ce wa mai karatu. In naka yana da sukari, a kai shi a duba bayan idonsa tun yana gani garau, kada a jira alama, don wannan ciwon ba ya sallama. Ba kowane dushewar ido ne yana ba. In jini ya rufe ido ya washe, ba warkewa ba ce. In kuma kai ne bakin likita a wurin tsohonka, ka faɗi abin da aka faɗa, duka, ka bar shi ya yi tsoronsa da kansa.

Inna ta koma Barmu da ido ɗaya. Tana zuwa makewayi da ƙafarta, tana gane mutum in ya matso, tana ɗinka faifai fari, ba zane, don rini ya daina rabuwa a idonta. Tun ranar da dattijon Kalfu ya yi tambayarsa ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma na kasa barci da ita. Ranar da na mayar da ita gida, bayan mutane sun gama sannu da zuwa sun watse, na durƙusa a bakin tabarmarta na faɗa mata komai, abin da likitar ta ce da abin da ni na ce. Na so ta zage ni.

Ta daɗe tana murza kaba a hannu. Sannan ta ce, "Na sani tun ranar. Yarinyar ta yi magana mai tsawo, muryarta na rawa, kai ka ba ni kalma biyar. Makauniya nike zama, ba kurma ba."

Na ce to don me ba ta yi magana ba, don me ba ta ce ƙarya nake yi ba.

"Na ce ɗana ya yi lakkol. In ya rage magana, ya san abin da ya gani." Ta juyo da kanta gefe, yadda take yi yanzu in tana son ta ga fuskar mutum da idon hagu. "Kai ba ka yarda da kowa ba, Mushe. Ni kuwa da kai kaɗai na yarda."

Ta miƙo mini bakin kabar ta ce in riƙe mata, za ta tsaga.